Aiki Daga Nesa: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin da aka gabatar a gaban malaman firamare na ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa da sahabbansa. Shugaban taro, shugabannin rassan ƙungiyarmu ta NUT, iyayenmu da suka yi ritaya, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, ina gaishe ku gaisuwa ta girmamawa. Na san a cikinku akwai waɗanda suka baro gida tun bayan asuba, suka keto yashi a kan babur don su halarci wannan zama. Allah ya saka da alheri.

An umarce ni in yi magana a kan aiki daga nesa, wato yadda ma'aikaci zai sauke nauyin da ke kansa ba tare da shi da shugabansa suna wuri ɗaya ba, da yadda hukuma za ta tsara irin wannan aiki ta kuma kula da shi. Wani zai ce ina ruwan malamin firamare da wannan, ai zancen ma'aikatan banki ne da kamfanonin Legas. Amsata ita ce, aikin ya riga ya shigo mana, yana cikin aljihun kowannenmu. Abin da bai iso ba shi ne ƙa'idarsa. Don haka maganata a yau guda ɗaya ce: aiki daga nesa yarjejeniya ce tsakanin mai ba da aiki da mai yin sa. Idan aka tsara ta, kowa ya huta. Idan aka bar ta sakaka, nauyin duka a wuyan ƙaramin ma'aikaci yake sauka.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa, yawancin hakiman Kano a cikin birni suke zaune, garuruwan da suke riƙe da su kuwa suna warwatse a karkara. Ta hannun jakadu suke tafiyar da mulki. Jakada ne ke kai umarni, shi ke karɓo haraji, shi ke kawo labari. Tsarin ya daɗe yana aiki, amma yana da rauni sananne: hakimi ba ya sanin halin talakawansa sai abin da jakada ya ga dama ya faɗa masa. A farkon mulkin mallaka ne aka karkasa ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya koma ya tare a cikin jama'arsa.

A ɓangaren ilimi kuwa muna da misali mafi kyau. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta ga matan ƙauyuka ba su da halin zuwa wurinta karatu. Sai ta zaɓi dattijan mata amintattu, waɗanda ake kira jaji, ta koyar da su, ta ba su darussa cikin waƙe don su yi sauƙin haddacewa, ta naɗa su da malfa domin kowa ya san da izininta suke tafe, su kuma suka kai ilimin har cikin gidaje. Wannan ƙungiya ita ce 'Yan Taru. Ku dubi abin da ta tanada: an horar da mai aiki, an ba shi kayan aiki daidai da halin masu koyo, an ba shi matsayi, kuma yana komowa lokaci-lokaci ya sadu da malamarsa. Babu waya, babu lantarki, amma akwai tsari.

A zamaninmu ma, da yawa daga cikin dattawan da ke zaune a nan ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda aka kafa a 1976, suka ƙaro karatu suna kan aikinsu. Ana ba su littattafai su karanta a gida, a ƙarshen mako su haɗu a cibiyar karatu. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, da aka kafa a 1989, ta daɗe tana isar da saƙo rugage ta rediyo. Ashe nisa bai taɓa hana aiki ba a wurin da aka yi shiri.

Abin da ya same mu a 2020

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Najeriya, a Legas. Ba a yi wata guda ba gwamnonin Arewa maso Yamma suka amince a rufe makarantu na kwana 30 daga ranar 23 ga Maris. A makon nan ne kuma Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, jihohi da dama suka bi sahu. Kwana 30 ɗin nan sai ya miƙe. Ɗaliban sakandare masu rubuta jarrabawar fita sun koma a watan Agusta, amma yaran firamare sai da aka shiga Oktoba. Wata bakwai ke nan, ko kusa da haka, allo bai ga alli ba.

An yi ƙoƙari, kada mu ci haƙƙin kowa. An shirya darussa ta rediyo da talabijin, wasu malamai sun sadaukar da lokacinsu suka naɗi darussan. Sai dai mu da muke cikin ƙauyuka mun ga inda gizo ke saƙar. Rediyon gida na maigida ne, yana tafiya da shi gona ko kasuwa. Rufewar ta haɗa da damina baki ɗayanta, yaro yana bayan garma ko yana kiwo a daidai lokacin da ake darasi. Yarinya tana talla ko surfe. Wanda ya samu ya saurara kuma ba shi da wanda zai tambaya idan bai gane ba, ba shi da wanda zai duba masa littafi. Mafi muhimmanci, malamin aji, wanda ya san sunan kowane yaro da ƙofar gidansu, shi ne tsarin bai ba wani ayyanannen aiki ba. An ce a zauna a gida, ba a ce ga abin da za a yi daga gidan ba.

Sakamakon kowa ya gan shi da aka dawo. Yaron da ya fara haɗa baƙi ya manta. 'Yan aji shida da dama ba su komo ba, wasu an yi musu aure, wasu sun bi kasuwa. Babu wanda ya yi nufin haka. Abin ya zo ba zato, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar ba ta tafi da korona ba

Kada mu ɗauka wannan tarihi ne da ya wuce. A Disambar 2021 Jihar Kaduna ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu a mako, makarantun gwamnati suka bi a farkon 2022. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, jihohin Kwara da Edo sun sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku, saboda tsadar sufuri. Ambaliyar 2022 da ta 2024 ta raba dubban mutane da gidajensu a nan Jigawa, kuma mun san inda ake fara tsugunar da waɗanda ruwa ya kora: azuzuwan makaranta. Annoba, tsadar mai, ambaliya, rashin tsaro, kowannensu yana iya rufe ƙofar aji ko ya tsare malami a gida.

Ban da wannan, akwai wanda ya shigo a hankali ba tare da sanarwa ba. Yau wace makaranta ce ba ta da zauren WhatsApp? Ta nan ake kiran taro, ta nan ake neman adadin ɗalibai, ta nan ake cewa a turo hoton rajista, ta nan ake aiko fom a ce a cike kafin gari ya waye. Jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, a kwamfuta ake yin ta. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport. A Jihar Edo, a 2018 aka fara raba wa malaman firamare ƙananan kwamfutocin hannu masu ɗauke da darasi, waɗanda kuma ke nuna wa hukuma ko malami ya shiga aji. Duk wannan aiki daga nesa ne, ko kulawa daga nesa. Tambayar da ta rage ita ce: bisa wace ƙa'ida?

Abin da bincike ya nuna

Bari in kawo misalai biyu daga waje, domin sun fi zato da jita-jita amfani.

Na farko daga ƙasar Sin. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye mai suna Ctrip, da ke Shanghai, tare da Farfesa Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford a Amurka, sun raba ma'aikata masu amsa waya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suna aiki daga gida kwana huɗu a mako, ɗaya kashin suna ofis. Bayan wata tara aka tarar aikin na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, masu ajiye aiki a cikinsu kuma sun ragu da kusan rabi. Amma akwai sauran magana. Na gida sun fi na ofis jinkirin samun ƙarin girma, kuma da aka ba kowa zaɓi, kusan rabinsu suka ce ofis za su koma, saboda kaɗaici. Ku lura kuma, kamfanin ne ya ba su kayan aiki, kuma irin aikin nasu mai sauƙin ƙirgawa ne.

Na biyu ya fi kusa da mu. A ƙasar Botswana, lokacin da aka rufe makarantu a 2020, masu bincike sun gwada hanyoyi biyu a gidaje kusan 4,500 na 'yan firamare. Wasu gidaje ana tura musu tambayoyin lissafi ta gajeren saƙon waya duk mako. Wasu kuma, bayan saƙon, ana kiran wayar iyayen a yi wa yaro bayani na kamar minti 20. Saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri mai ɗorewa ba. Saƙo da kira kuwa sun rage yawan yaran da ba su iya lissafi ko kaɗan ba da kashi 31 cikin ɗari. Ba a bukaci intanet ba, ba a bukaci babbar waya ba. Ƙaramar waya mai madannai, da muryar mutum mai koyarwa, su suka yi aikin.

Darasin a fili yake. Na'ura tana kai saƙo, amma mutum ne ke koyarwa. Kuma ma'aikacin da ido ba ya gani, ana saurin mantawa da shi ranar rabo.

Wane aiki ne ke yiwuwa daga nesa?

Sai mun rarrabe. Koyar da ɗan aji ɗaya riƙon fensir, da kama hannunsa a zana baƙi, da gane yaron da ya zo da yunwa ko zazzaɓi, da tarbiyya, waɗannan ba sa yiwuwa ta waya. Duk wanda ya ce za a maye gurbin malamin aji da rediyo ko kwamfuta, to ko dai bai san aji ba, ko kuwa yana neman hujjar ƙin ɗaukar malamai. Wannan ƙungiya kada ta taɓa yarda da shi. Ƙarancin malamai, ɗaukar malamai ne maganinsa.

Amma kusa da koyarwa akwai ayyuka da yawa da ba sa bukatar a tara mutane. Sanarwa, tura alƙaluma, wasu tarurrukan shugabannin makarantu, wani sashe na bita, shirya darasi tare da abokan aiki, bin sawun takardar ƙarin girma. Hedimasta daga ƙauyen kan iyaka zai bar makarantarsa wuni guda, ya zuba mai da kuɗinsa, ya zo hedikwatar ƙaramar hukuma don ya miƙa takarda ɗaya ko ya ji sanarwar minti goma. Malama za ta bar aji da goyo ta tafi Dutse neman fayil. Kowace irin wannan tafiya, yara ne ke biyan kuɗinta da darasin da suka rasa. A nan aiki daga nesa rahama ne, kuma ya kamata mu ne za mu fara neman sa.

Sharuɗɗa shida

To, yaya za a tsara shi? Ina ganin akwai sharuɗɗa shida da ya kamata kowace yarjejeniya ta ƙunsa.

Na farko, aikin ya zama a rubuce. A ce wa malami: ga abin da ake so, ga ranar da ake so, ga wanda za ka miƙa wa. Umarnin hukuma ya fito daga baki ɗaya, ta hanya ɗaya da kowa ya sani. Yau saƙo yakan zagaya zaure uku, babu sa hannu, babu kwanan wata, ba a san wanda ya fara turo shi ba. Ta irin wannan kafa ce 'yan damfara ke shigowa, su ce ana tantance ma'aikata, a turo lambar BVN. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, kayan aiki a kan mai aiki suke. Ba a taɓa cewa malami ya sayo allo da albashinsa ba. Me ya sa waya da data da caji za su zama nasa? A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. A ƙauyukan da babu wuta, kullum sai an kai waya wurin mai caji an biya. Kuɗin kaɗan ne a idon mai girma, amma a gidan malami kuɗin cefane ne. Idan hukuma tana son a yi aiki ta waya, to ta ware alawus na wata-wata, ko ta ba kowace makaranta waya ɗaya da ƙaramin faifan sola, su zama kayan makaranta, a rubuta su a littafin kaya kamar yadda ake rubuta tebur da kujera.

Na uku, lokaci. Aikin ofis yana da ƙarfe nawa ake tashi, aikin waya ba shi da shi. Saƙo zai shigo bayan sallar isha, a ce ana jiran amsa da asuba. A Faransa, tun Janairun 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe waya bayan an tashi aiki. Mu ba sai mun jira doka ba. Za mu iya amincewa cewa duk saƙon da ya zo bayan la'asar na gobe ne, kuma a ba da aƙalla kwana biyu na aiki kafin wa'adi, sai fa in lamari ne na gaggawa na gaskiya.

Na huɗu, yadda ake auna aiki. Shugaban da ba ya ganin ma'aikacinsa yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya sake shi gaba ɗaya, ko ya tsananta bin ƙwaƙƙwafi. Hoton malami a tsaye gaban allo ba ya nuna an yi darasi. Saurin amsa saƙo ba ya nuna ƙwazo, yana nuna wanda sabis ya fi ƙarfi a garinsu ne kawai. Ma'aunin gaskiya shi ne: yara nawa ne a ajin suka iya karanta jimla, nawa suka iya ɗebewa da rabawa, ina aka tsaya a manhaja. Kuma kada a taɓa yanke wa malami albashi ko a ba shi takardar tuhuma bisa shaidar na'ura kaɗai, sai an ji ta bakinsa. Na'ura tana mutuwa, sabis yana ɗaukewa. Mun ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato a 2021 saboda matsalar tsaro. Duk tsarin da ya dogara da waya, lalle ya ajiye takarda a gefe.

Na biyar, sirri. Sunayen yara, hotunansu, sakamakon jarrabawarsu, lambobin wayar iyayensu, da bayanan albashinmu, amana ce. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Bai dace a zuba jerin sunayen malamai da lambobin asusunsu a zauren da ke da mutum ɗari ba. Haka kuma gyaran kuskuren ma'aikaci ba a bainar zaure ake yin sa ba. Abin da hedimasta ba zai faɗa wa malami a gaban asambule ba, kada ya rubuta masa a gaban abokan aiki. A kira shi a keɓe.

Na shida, waɗanda za a iya bari a baya. Akwai malamar da wayar gidan ta mijinta ce, ko wadda ba ta son lambarta ta shiga hannun kowa. Akwai wadda tashi daga makaranta shi ne fara wani sabon aikin a gida, ga girki, ga reno. Akwai dattijon da ya yi shekara 30 yana koyarwa, gwani ne a aji, amma babbar waya tana ba shi wahala. Akwai wanda sai ya hau tudu yake samun sabis. Idan sanarwar bita da ta ƙarin girma ta WhatsApp kaɗai take fita, to waɗannan an cire su tun kafin a fara. Kowace muhimmiyar sanarwa ta fita ta hanya biyu, ta waya da ta takarda. A kuma horar da mutane kafin a ɗora musu alhaki. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana nan kusa da mu, ga kuma cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, ba sai an je nesa neman masu horarwa ba.

Nauyin da ke kanmu

'Yan'uwa, ba zai yi kyau in lissafa haƙƙoƙinmu in yi shiru a kan namu nauyin ba. Aiki daga nesa a kan amana yake tsayuwa. Dalilin da ya sa hukumomi ke sayen na'urorin sa ido shi ne, a cikinmu akwai waɗanda sai ranar da aka ji mai duba makarantu zai zo ake ganinsu. Su kaɗan ne, amma wake ɗaya ke ɓata gari. Idan muka nemi a yarda da mu a inda ido ba ya gani, sai mu zama abin yarda. Alƙaluman da za ka tura su zama na gaskiya, ko da ba za su yi daɗin ji ba. Hedimastan da ya ƙara yawan ɗalibai a takarda, ko ya rufa wa wanda ba ya zuwa aiki asiri, ya zama irin jakadan da ke faɗa wa hakimi abin da yake son ji. Albashin da muke kai wa iyalanmu muna so ya zama halal, kuma Wanda ya fi kowane sufeto gani yana ganinmu.

Ga shugabanninmu masu duba makarantu kuma, ina roƙo da ladabi: waya kada ta hana ku zuwa. Zumunta a ƙafa take. Malamin da aka tura ƙauye mai nisa, shi kaɗai ko su biyu a makaranta, ba rahoto kawai yake da shi ba, yana da damuwa da yake son a ji. Ziyara ɗaya a zango, a zauna a ajinsa, a ga rufin da iska ta yaye, ta fi saƙo ɗari.

Abin da nake roƙon rassanmu

Ƙungiyarmu an kafa ta tun 1931, ta ga sauye-sauye da yawa, kuma ba ta taɓa samun wani haƙƙi ba sai da ta nema a rubuce, da murya ɗaya. Ina ba da shawara uku.

Ɗaya, kowane reshe ya yi ƙidaya a wannan zango: malamai nawa ke da babbar waya, nawa ke da ƙarama, waɗanne makarantu ne ba su da sabis, waɗanne ne ba su da wurin caji, nawa malami ke kashewa a wata kan aikin hukuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da alƙaluma ake zuwa teburin tattaunawa, ba da ƙorafi ba.

Biyu, rassan huɗu su haɗu su rubuta daftarin ƙa'ida mai shafi ɗaya ko biyu a kan sharuɗɗan nan shida, a kai wa sakatarorin ilimi, a kuma miƙa wa uwar ƙungiya ta jiha don ta gabatar wa SUBEB a Dutse.

Uku, kowace makaranta ta yi shirin ko-ta-kwana tun yanzu, tare da kwamitin iyaye da masu unguwanni da limamai. Kowane malamin aji ya mallaki littafi mai sunan kowane yaro, da unguwarsu, da lambar wayar da za a same shi. A san wane malami ne zai kula da wace unguwa idan aka rufe makaranta, a wace inuwa ko zaure za a tara yara biyar ko goma idan hali ya ba da dama, wane gida ne ke da rediyo, wane yaya ko yayar da ta yi sakandare za ta taimaka. A tanadi takardun aikin gida na mako huɗu a ajiye a ofis. Wannan ba ya bukatar kwangila, ba ya bukatar jiran kowa.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan jawabi, ku ne kuke ganin maigida ko uwargida riƙe da waya da dare, ana cike fom da hasken tocila. Muna gode muku da haƙuri. Abin da muke nema zai dawo muku da lokacinku da kuɗin cefanenku.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, amma mai rawa yana da haƙƙin ya san wanda zai biya makaɗi. Mu karɓi abin da zai sauƙaƙa mana aiki, mu nemi ƙa'idarsa a rubuce, mu kuma riƙe amanar yaran da aka damƙa mana, ko ana ganinmu ko ba a ganinmu.

Allah ya kiyaye mu daga annoba da ambaliya, ya zaunar da masarautar Gumel da Jihar Jigawa da ƙasarmu lafiya, ya ji ƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa albarka a cikin aikinmu da zuriyarmu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.